Yadda Na Ɓata Sunan Saje Tanko

A Fadan Gurma aka fara cutata. Na daɗe ina tsine wa mutumin da ya yi mini, amma yanzu na daina, domin abin da ni na yi wa wani daga baya ya fi nasa muni nesa ba kusa ba. Wanda na yi wa kuwa shi ne Saje Tanko na Tamale, tsohon soja, maƙerin gwangwani, wanda ya ba ni ɗaki da tuwo bai san ko sunan ubana ba. Sunansa na ɓata masa, kuma har ya koma ga Allah sunan nan bai gyaru ba. To amma bari in bi hanyar yadda na biyo ta.

Sunana Ilu, daga ƙasar Katsina na fito. Lokacin ban cika talatin ba, amma furfura ta riga ta fito mini a gemu, irin ta gado ce a gidanmu. Labari ya cika gari cewa Turawa na shirin sakar wa mutanen Gwalkwas ƙasarsu, wai a can, wajen su Tamale, ana ta gine-gine, aiki har neman mutum yake yi. Na ratsa Maraɗi da Ƙonni da Dosso, wani wuri a mota, wani wuri a ƙasa, na haye kogi a Yamai. Duk wannan wahala ce kawai, ba labari a cikinta.

A tashar Fada wani mutum ya same ni, da farar kwat da alƙalami a aljihu, Hausarsa tar. Ya tambayi garinmu, na faɗa, ya ce ai kakarsa ma 'yar can ce. Ya ce ba mai shiga ƙasar Ingilishi ba takarda, wanda aka kama sai gidan yari, amma tunda ni ɗan'uwa ne zai yi mini hanya. Ba ni da abin ba shi, sai ya ce gwadon da ke kafaɗata ma ya isa. Gwadon nan mahaifiyata ce ta kaɗa zarensa da hannunta. Na cire na miƙa masa, har da godiya. Ya ba ni takarda mai rubutun boko da jan hatimi, na naɗe ta a tsumma na ɗaure a ƙugu kamar laya.

A bakin iyaka, kafin Baku, ɗan sanda bai ma tambaye ni komai ba. Ni ne da rawar kaina na zaro takardar don a san ni ba ɗan ɓarauniyar hanya ba ne. Ya duba, ya kira abokinsa, suka yi ta dariya har ɗayan ya zauna a ƙasa. Ashe takardar da ake naɗe kwalbar maganin tsutsar ciki ce. Suka ce in wuce, Allah ya ba ni lafiya.

Na yi wata guda a Baku ina dakon albasa, ina kwana a rumfar kasuwa, sauro na cin rabonsa tunda ba mayafi. Daga nan na samu motar Tamale ta Bolga. A Walewale motar ta mutu, direba ya tafi neman ƙarfen da ya karye, muka yi kwana uku a gindin kuka. Akwai wata tsohuwa mai koko a wurin. Ta lura ni kaɗai ne ba na saye, sai ta riƙa yafito ni da ludayi tana zuba mini, har da ƙosai biyu. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Wani fasinja ya ce mini a ƙasar nan duk gaisuwar da aka yi maka ka ce "Naa". Haka na yi ta ce mata "Naa" kwana uku, tana dariya. Kokonta da tsami da yaji, yana da daɗi, amma ni furar gidanmu nake tunawa, sai in juya baya don kada a ga namiji da furfura yana hawaye a kan kwanon koko.

Da tsakar rana muka shiga Tamale, zafi kamar a bakin murhu, ga kekuna ta ko'ina. Al'adar zango a lokacin ita ce baƙo ya fara sauka ƙofar Sarkin Zango, shi kuma ya haɗa shi da maigidan da zai riƙe shi. Na tarar da wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji zaune a zauren, ya kawo wa sarki butar da ya gyara masa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Wannan yunwa na nan ga idon shi. Ni na ɗauke shi."

Sarki ya ce, "Saje, ka tsaya masa?"

Ya ce, "Na tsaya mai."

Ban san nauyin wannan kalmar ba sai daga baya. In maigida ya tsaya wa baƙo, duk abin da baƙon ya yi, shi za a nema. Shi ke amsawa a gaban sarki, shi ke amsawa a gaban hukuma.

Rumfarsa na bakin kasuwa. Daga tsofaffin garwanin kananzir da gwangwanayen madara yake fitar da buta da bokiti da mazurari da fitila aci-balbal. Hannunsa na hagu yatsu uku ne, amma da su yake riƙe kwano ya yanka shi da almakashi kamar ganye. Ya ba ni aikin hura gawayi da narka dalma. Yana bugu yana labari, kuma wallahi in ba don na ga shaidar a jikinsa ba, da na ce ƙarya yake sharawa.

A zangon Salaga aka haife shi, ubansa mai saukar da fataken goro ne. Ya gudu daga gida ya bi ayarin jakuna har Borgu, ya dawo ya yi tuƙin kwale-kwale a Yeji, inda kada ya taɓa ɗauke masa akuyar fasinja daga hannu. Ya shiga ramin zinariya a kudu, ƙasa ta rufta da su, aka ciro shi bayan kwana biyu. Daga fitowarsa ya ce ya gama da ƙarƙashin ƙasa, ya shiga soja. Aka kai su Habasha, aka dawo da su, aka sake zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, ya ce tun daga tashi har sauka amai yake yi, har ya roƙi Allah ya nutsar da jirgin kowa ya huta. A dajin ƙasar Bama, gaba da Indiya, ya bar yatsunsa biyu, yana ɗauke da akwatin harsashi a kai, matsattsaku na shan jininsa ta cikin takalmi. Yana jinya a asibitin soja ya saba da wani Ba'indiye mai liƙin tukwane, ba mai jin harshen wani, shi ya koya masa sana'ar da yake ci da ita.

A gida kuwa wani mutum ne daban. Matarsa Mma Azara Badagomba ce, doguwa, mai faɗa, Hausarta ba ta san mace ba ta san namiji ba, sai ka ji ta ce, "Yarinya ya tafi famfo." Na yi dariya ranar farko, ta hana ni nama kwana biyu. 'Ya'yansu biyar duk mata. Saje da kansa yake zuwa kasuwa sayen kifi, maza na yi masa tsiya yana ce musu wanda ya yi wa bataliya girki a Bama ba ya jin kunyar kwando. Kowace yarinya ya ƙera mata kofinta da alamarta. Autar kan zauna a cinyarsa yana cin tuwo, ta tsoma hannu a miyarsa, ko a jikinsa.

Wata Juma'a ya sauko da wani ɗan akwatin gwangwani daga saman kabad ya nuna mini abin da ke ciki: lambobin yaƙi guda huɗu, waɗanda su suke kira minda, kowace da ƙyallenta mai launi, da wani ƙaramin littafin sallama daga soja. Ya ce ƙungiyar tsofaffin sojoji ta zaɓe shi, ranar da za a karɓi mulki shi zai riƙe tuta a gabansu a filin fareti. Ya faɗi haka kamar ba komai ba, amma na ga yadda yake shafa lambobin da babban yatsa. Mma Azara tun sauran wata biyu ta fara neman sitacin da za ta sa wa kakinsa.

Ni kuwa raina ya fara ƙuna. Na baro gida da alkawarin zan dawo da keke da agogo, ga ni ina hura wuta, hayaƙin dalma na sa ni tari. Saje ya ce in yi haƙuri shekara biyu hannuna zai faɗa. Shekara biyu a lokacin gani nake kamar ba za su zo ba.

Sai na ji a kasuwa cewa wani ɗan kwangila na gina gidajen ma'aikata a Choggu, yana neman masu gadi, amma tsofaffin soja kaɗai yake ɗauka. Choggu a lokacin bayan gari ce, daji-daji. Akawun wurin kuma sabon zuwa ne daga kudu, bai san kowa ba. Na kwana uku ina juya abin a raina. Ba zan ce Shaiɗan ba ne, don na gaji da ɗora masa abin da na yi da hankalina. Wata safiya Saje ya riga ni fita, Mma ta tafi famfo da yara, na hau turmi na sauko da akwatin, na kwashe abin da ke ciki, na mayar da shi wurinsa. Na ce wa kaina aro ne, kafin ranar fareti zan mayar.

Akawun ya buɗe littafin, ya dubi furfurata, ya ce da Hausar kasuwa, "Kai Saje Tanko?" Na ce ni ne. Ya rubuta. Ya ba ni gadin rana, ya ce ranar Litinin ta sama manya za su zo duba gini, duk masu gadi su zo da lambobinsu a ƙirji. A gida na ce na samu aikin lebura. Saje bai ji daɗi ba, amma ya ce Allah ya sa albarka, har ya ba ni tsohon takalminsa na soja don kada ƙusa ta soke ni.

Ranar Litinin na shiga bayan tarin bulo na saka lambobin. Nan na tsaya ina tunani, wane ɓangare? Ban taɓa ganin Saje ya saka su ba. To mu a gidanmu duk abin daraja dama ake ba shi. Da dama ake ci, da dama ake gaisawa, da dama ake shiga masallaci, hagu kuwa an san aikinta. Na ce ai ba yadda za a yi abin da sarkin Ingila ya ba mutum a rataya shi a hagu. Na jera su reras a ƙirjina na dama, na fito ina taƙama.

Mu huɗu aka jera a bakin ƙofa. Na kusa da ni wani baƙin dogo ne mai tsage a fuska, Bafarafare daga wajen Bolga, mai gadin dare, ana ce masa Kofur Atinga. Ban taɓa haɗuwa da shi ba sai ranar. Na saci kallon ƙirjinsa, na ga nasa a hagu. Na dubi sauran biyun, su ma a hagu. Na so in gyara, amma motar manya ta riga ta tsaya. Da suka iso kowa ya ƙame, ni kuma don in nuna ƙwazo na ɗaga hannu na sara, alhali ko hula babu a kaina, abin da soja ba ya yi.

Kofur Atinga ya jira sai da manya suka wuce ciki. Sannan ya juyo, da irin Hausar bariki, ya ce, "Aboki, wane bataliya?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Wane jirgi ya kai ku Indiya? Wane kogi kuka ƙetare?"

Na ce an daɗe, na manta.

Ya ce, "Soja yana manta sunan matan shi, ba ya manta lamban shi. Faɗi lamba."

Lambar shaidar soja da yake nufi na cikin littafin, amma ni ban iya karatun boko ba. Ya sa akawu ya kawo littafin, aka karanta masa sunan. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, "Saje Tanko ya ɗauke ni a baya cikin ruwa har wuya. Kai ne Saje Tanko?" Bai mare ni ba. Ya sa hannu ya cire lambobin ɗaya bayan ɗaya a hankali, don kada ƙyallen ya yage, ya naɗe su a hankicinsa.

Da la'asar aka kai ni ofishin tsofaffin sojoji. A gindin mangwaro suke zama, dattawa kusan goma a kan benci, shugabansu wani tsohon Samanja mai sanda. Ɗan sanda na tsaye a gefe da ankwa a hannu, jira kawai yake. Samanja ya ce saka lambar da ba taka ba laifi ne na ɗauri, in an haɗa da sata kuma, bayan ɗaurin sai a raka mutum bakin iyaka. Aka aika a kira mai kayan.

Saje ya zo da baƙin gawayi a hannu, ko wankewa bai tsaya yi ba. Ya dubi lambobin a kan tebur, ya dubi takalminsa a ƙafata, sannan ya dube ni. Sau ɗaya ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage.

Samanja ya ce, "Saje, ka san wannan?"

Ya ƙame. "Baƙona ne, ranka ya daɗe. Ni na tsaya mai."

"Ya sace maka minda da littafi. Ka faɗa da bakinka, ɗan sanda ya tafi da shi."

Saje ya ce, "Bai sata ba. Ni na ba shi."

Kofur Atinga ya ce, "Saje, kada ka yi haka." Saje bai ko waiwaye shi ba.

Samanja ya ce, "Ka san abin da kake faɗa? Ka ba farar hula mindarka ya je ya ci abinci da sunanka?"

"Na sani."

"Me ya ba ka?"

Saje ya yi shiru, idonsa na kallon gaba kamar a fareti. Ba shi da amsa, don bai shirya ƙaryar har can ba. Su kuwa suka ɗauki shirun a matsayin amsa. Wani daga kan benci ya tofar da yawu ya ce, "Haya ya bayar ke nan. Mutane sun mutu a Bama, shi yana ba da haya."

Ina tsaye a wurin. Bakina lafiya lau, harshena lafiya lau. Kalma uku ce kawai, ni na sata. Na dubi ankwar da ke hannun ɗan sandan, na haɗiye su.

Suka yanke hukunci nan take. Ƙungiya za ta riƙe lambobin da littafin, an cire sunansa daga masu fareti, tutar kuma an ba wani. Ni aka ce in ɓace musu da gani. Muka taho gida, yana gaba ina baya. A ƙofar gida ya tsaya ya ce, "Abin da na faɗa can, shi ne a cikin gida ma. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Labari ya riga mu isa. Mma Azara na tsaye a tsakar gida da kakin da ta gama gogewa. Ta ce, "Gaskiya ne?" Ya ce gaskiya ne. Ta ce, "Muna yunwa ne? Yara ya kwana ba tuwo ne? Me ka rasa, Saje?" Ta ninke kakin ta jefa a ƙasan akwati. Ni kuwa ko kallon banza ba ta yi mini ba, a ganinta ni baƙo ne mai neman abinci, babba ne ya ba ni. Da daddare ma har ta ƙara mini miya.

Ranar karɓar mulki gari ya cika tun da hantsi, 'yan makaranta da tutoci, makaɗan Dagomba, mata da sababbin zannuwa. Kasuwa ba kowa. Saje ya buɗe rumfa kamar kullum. Daga filin fareti muna jin badujala. Ya ɗauko garwa ya fara bugu, sai na lura gudumarsa na bin kiɗan, bai ma sani ba.

Na ce, "Baba, bari in je in faɗa musu gaskiya."

Ya ajiye gudumar. "Ka je ka ce me? Ka ce na tsaya gaban Samanja na yi ƙarya? Kai ka tafi kurkuku, ni in zama maƙaryaci, wa ya ci riba? A gidan ubana a Salaga ba a taɓa fitar da baƙo da ankwa ba. Ba za a fara a kaina ba. Kawo dalma."

Na kawo dalma. Kuma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: daɗi na ji. Na yi tayin ne ina addu'a a zuci ya ƙi, da ya ƙi kuwa sai na ji kamar an sauke mini dutse.

Kafin wata ya ƙare sunan ya kama shi. Saje Haya. Da farko a bayan idonsa, daga baya a gabansa. Masu kawo gyara su ce a kai wa Saje Haya. A famfo a ce wa yaransa 'ya'yan Saje Haya, babbar har ta taɓa fasa wa wata tulu a kai. Tsofaffin abokansa suka daina zama a rumfarsa, in ban da Kofur Atinga, wanda kan zo ya zauna ya tafi bai amsa gaisuwata ba. Bayan 'yan shekaru ƙungiya ta aiko masa da lambobin a ambulan. Ya ɗora a saman kabad bai buɗe ba. Mma Azara kuwa in faɗa ya haɗa su, da wannan take rufewa: "Mutum da ya ba da hayan jinin shi, me zai faɗa mini?" Sai ya ɗauki hularsa ya fita. Ina zaune ina jin wannan, da tuwonta a hannuna.

Shekara goma sha biyu na yi a gidan. Ya koya mini sana'ar kaf, bai rage komai ba, kuma bai sake tayar da maganar ba ko da wasa. Lokacin da aka ce baƙi su bar ƙasar, shi ya ƙera mini akwatin da na zuba kayana, ya raka ni tasha. Da sana'arsa na yi aure a Katsina, da ita na gina gida, da ita na je Makka. Muna aika wa juna gaisuwa ta bakin 'yan goro. Kowace shekara ina cewa bana zan je in gyara abin nan, kowace shekara sai wani uzuri ya taso, ni kuma in karɓe shi hannu biyu.

Ya yi tsawon rai sosai, ya ga 'ya'yan jikoki. Har ido ya tafi yana laluba gwangwani yana gaya wa masu aiki inda liƙi bai kama ba. Labarin rasuwarsa ya iso ni bayan an yi sadakar arba'in.

Na koma Tamale, na tarar da Mma Azara a unguwar Lamashegu, gidan babbar 'yarsu. Garin ya canja, babura sun maye gurbin kekuna, sai da aka yi mini jagora. Tana zaune a tabarma a inuwa, ta ƙanƙance, amma muryar na nan. Ta gane ni, ta ce, "Ilu, ka zo? Baban ka ya tafi." Na durƙusa, na yi ta'aziyya, sannan na faɗa mata. Tun daga hawa turmi har zuwa gindin mangwaro, ban rage ba.

Na zaci za ta ce ai ta sani, ko ta ce ya gaya mata kafin ya cika. Bai gaya mata ba.

Ta ce, "Shekara arba'in ina zagin shi da wannan."

Na ce, "Mma, ki yafe mini."

Ta ce, "Ran da zai mutu ya ce, Azara, yafe mini. Na ce na yafe, har da na minda. Haka na ce mai. Har da na minda. Ya ce ya gode. Ni ban roƙe shi ba. Ban san ni ne zan roƙa ba. Da ka zo wata uku baya, Ilu."

Ta kira 'yarta ta ce a kawo mini ruwa da tuwo, tunda baƙon Saje ne ni, ba za a ce ya zo ya tafi da yunwa ba. Sannan ta juya mini baya. Ta ce, "Ni ka gama da ni. Ka tafi masallacin zango, inda ana kiran shi da sunan nan, ka faɗa can."

Na tafi. Bayan sallar la'asar na roƙi liman izini, na miƙe da sandata. Yawancinsu matasa ne, ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Na ce ina da magana a kan marigayi Saje Tanko. Suka dubi juna. Liman ya ce, "Wane Saje Tanko, Baba?" Na ce maƙerin gwangwani na bakin kasuwa, tsohon soja, mai yatsu uku a hagu, wanda ya rasu kwanan baya. Wasu suka fara neman takalmansu. Na ga in ban faɗa ba za su watse.

Na ce, "Saje Haya."

Sai kowa ya ce, "Oho, Allah ya jiƙansa," suka koma suka zauna.

Na faɗa musu komai. Na ce bai taɓa ba da haya ba, bai karɓi ko anini ba, ni na hau turmi na sata, shi kuma ya ɗauki laifin don kada a sa wa baƙonsa ankwa. Na ce sunansa Tanko, don Allah a riƙa kiransa da shi. Suka yi salati, wasu dattawa biyu suka share ido, liman ya yi masa addu'a mai tsawo.

Ina bakin ƙofa ina laluben takalmina, wani da ya makara ya tambayi na kusa da shi me ya faru aka daɗe haka. Ya ce masa, "Wani tsoho ne ya zo daga Najeriya. Wai shi ya sace lambobin Saje Haya."